Allurar Cinya da Askar Wanzami

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, ranar sunan ɗiyata ta fari ba za ta fita ba. Yarinyar yanzu har ta shiga lakwal, wato makarantar boko, amma ni har yau in na hangi wanzami da zabirarsa sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina noman tattasai a bakin Komadugu, wajen Geskeru, iyalina kuma suna cikin garin Diffa. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon cajin waya a kasuwa. Bai taɓa karatun likita ko na yini guda ba, amma tun da ya sayi babbar waya ya zama likitan danginmu. In kanka na ciwo, yana da saƙon murya a kai. In akuyarka ta yi tari, yana da wani. Ni kuwa duk abin da ya faɗa sai in haɗiye, don yana faɗarsa da ƙarfi. Tun cikin matata na wata bakwai ya ja mini kunne: in an haihu, in tsaya a bakin ƙofa, kada in bari a soka wa jariri komai.

Ta haihu da hantsi a matarnite, asibitin haihuwa. Da aka ce in leƙo, sai na tarar da sajfam, wato ungozomar likita, tana ɓare sabuwar allura daga leda. Na gyara tsayuwa.

"Madam, wannan ta mece ce?"

"Bitamin K ce, Malam. Jariri yana zuwa duniya da ƙarancinta, shi ya sa jininsa ba ya saurin daskarewa. Sau ɗaya ce a cinya, shi ke nan."

"Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta lau."

"To mai lafiya me za ta yi da allura?"

Wallahi na ji daɗin tambayar nan, har na waiwaya in ga ko wani ya ji ni. Ba ma tawa ba ce, daga wayar Yaya na hardace ta. Sajfam ta dube ni kallon wadda ta gaji da irinmu, ta ce, "Na san ranar suna za ku kira wanzami. Kada ku bari ya taɓa mata maƙogwaro. In kuma ba za ku ji ba, to ku bar ni in yi wannan." Matata, daga kan gado, murya a shaƙe, ta ce, "Malam, ka bari a yi mata."

Maimakon in amsa wa mata biyun da ke gabana, sai na fita na kira Yaya. Ya ce, "Kul! Ita ce ke hana su haihuwa in sun girma. Kyauta fa suke yin ta. Ka taɓa ganin abin kirki kyauta?" Na koma na ce ban yarda ba. Na fito ina jin kaina jarumin da ya ceci ɗiyarsa daga hannun Turawa.

Ranar suna da safe aka yi addu'a, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Wanzami ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya yi wa jaririya aski, sannan ya ce saura cire beli, ɗan naman nan da ke rataye a ƙarshen ganɗa, wanda muka taso muna jin in an bar shi yakan hana yaro shan nono. Ya zaro wata ƴar aska mai lanƙwasa daga zabira, ya goge ta a hannun rigarsa. Ku duba fa: ni da na kori allurar da aka ɓare a gaban idona, ni ne na tsaya ina murmushi ana cusa wa ɗiyata wannan ƙarfen a baki. Yaya yana gefe da tsokar rago a hannu yana cewa, "Yauwa, wannan shi ne namu."

Jini ya zo, kamar yadda aka saba. Sai dai bai tsaya ba. Wanzami ya ce jinin datti ne ke fita, ya barbaɗa garin magani, ya karɓi rabonsa na nama ya kama gabansa. Mata suna ta tuƙin tuwo, baƙi suna ta barka. Kafin azahar matata ta canza tsumma uku. Abin da ya fi tsorata ni ba jinin ba ne, shirun ne: yarinyar ta daina kuka, leɓenta ya yi fari.

Matata ba ta nemi izinina ba. Maijego ce, da ƙyar take takawa, amma ta rungumi ɗiyarta ta ratsa taron maza ta fita. Na bi ta a guje. Motar da muka samu ta maƙwabcinmu ce mai dakon buhunan tattasai. Hawaye na ta zubo mini a hanya, na ce wa direba yaji ne. Ƙarya nake yi, tsoro ne, da kunya.

A likita, wato asibiti, abin da aka fara yi mata shi ne allurar nan da na ƙi. Ita ce dai, ba wata ba. Sannan aka ce ta zubar da jini da yawa, sai an ƙara mata, a samo masu bayarwa daga dangi. Yaya ya iso yana ta faɗa, wai a kula, kada a yi mata abin da ba a sani ba. Aka ce ya miƙo hannu. Yana ganin allurar ɗibar jini sai ya tuna ya bar shago a buɗe. Babban likitan danginmu ke nan. Ni na kwanta aka ɗiba.

Kwana uku muka yi kafin ta kama nono da ƙarfi. A rana ta biyu sajfam ɗin nan ta ratso ta wurin. Na sunkuyar da kai ina jiran zagi, don na cancanta. Sai kawai ta shafa kan jaririyar ta wuce. Matata ce ta yi maganar, a hankali, ba ta ko dube ni ba: "Malam, ni na ɗauke ta wata tara, amma wayar Yaya aka tambaya."

Yaya kuwa, da muka dawo gida, cewa ya yi ai wanzamin ne bai iya ba, ya san wani gwani a Maine. Na ce masa na gode.

Abin da na koya ba shi da tsawo. Duk wanda zai ba ni shawara a kan ran yarona, nakan fara tambayar kaina: in abin ya ɓaci, wurinsa zan ruga da yaron? In ba wurinsa ba ne, to ya riƙe shawararsa, ko da nono ɗaya muka sha.