Ranar da Kawu Ya Ari Hasken Rana

Ƙarfe huɗu na yamma janareta ya mutu, a shekarar da fetur ya gagari talaka. Kawuna, mai haska fitila a wajen ɗaukar fim, ya zo Zakirai ne don ya ɗauki Kaka a bidiyo. Tana kwance ba lafiya, kuma ba mu da hotonta ko ɗaya. Ɗakin ya yi duhu, rana tana shirin faɗawa bayan rumbu.

Ko tsaki bai yi ba. Ya rataye farin mayafi a bangon ɗakin, ya miƙo mini farantin silba.

"Tsaya a tsakar gida, ki tari rana ki aika wa mayafin. Kada ki jefi fuskarta. Haske ma sai ya yi sallama."

Hasken ya kwanta mata a hankali, har tsagar kumatunta ta fito. Kunya ta hana ni tambayarsa dalili har ya rasu.

Jiya, shekara guda da rasuwarsa, muka kalli kaset ɗin. Na tambayi Inna, ƙanwarsa.

"Ayya, 'yar nan, idon tsohuwar ba ya jure haske. Shi kuwa so yake ta buɗe ta dube shi. Allah ya haskaka kabarinsa."