Kantar Faya-fayan Kawu

Shekara goma sha tara Kawu ya yi yana sayar da fina-finai a babban kantin da ke kusa da tashar mota, kuma ban taɓa jin wani ma'aikaci ya ce yana jin daɗin zama da shi ba. Yayan mahaifiyata ne. A gidansa na zauna lokacin da nake jami'a, da na gama kuma aiki ya ƙi samuwa, shi ya kai ni kantin aka ba ni aikin manna farashi a jikin kaya. Bai taɓa bari na manta da hakan ba. Malama Digiri yake kirana, ko a gaban baƙi.

Tun yana saurayi ya shiga harkar, a wani shagon hayar kaset, inda aikinsa shi ne mayar da zare baya da liƙe wanda ya tsinke. A can ne wani mutum ya taɓa marinsa a gaban jama'a, saboda kaset ɗin da ya ba shi ya yanke daidai ƙarshen fim. Matarsa ce ta ba ni wannan labarin, shi ba ya faɗa. Ta ce daga ranar ya rantse ba zai ƙara miƙa wa mutum fim ɗin da bai kalla da idonsa ba.

Lokacin da kantin ya ɗauke shi, bango guda aka ba shi. Da sababbin faya-fayan nan masu shuɗin murfi suka fito, waɗanda hotonsu ke fitowa tangaran, sai ya ƙwallafa rai a kansu. A gida yakan tsayar da fim ana tsakiyar kallo, ya taso har gaban talabijin ya nuna mana gumin da ke goshin ɗan wasa, ya tambaya ko wayar wani a cikinmu za ta iya nuna wannan. In ka amsa ma faɗa ne.

Bangon ya yi ta raguwa. Sanda na fara aiki, kanta ɗaya ta rage masa, tsakanin ƙwan fitila da maganin ɓera. 'Yan masu sayen da suka rage ma korarsu yake yi. Mutum zai ɗauki faifai, Kawu ya karɓe, ya tambaye shi wace na'ura yake da ita a gida. In tsohuwa ce sai ya ce masa ya ajiye, wannan ba abin kowa da kowa ba ne. Wata mata ta taɓa ce masa 'ya'yanta a waya suke kallo, ya ce ai shi ya sa idonsu ya zama kamar na kifi. Har ofis ta kai ƙararsa.

Sabon manajan da aka kawo mana ba zai wuce sa'ar ɗan Kawu na fari ba. Baba yake ce wa Kawu, amma yadda yake jan kalmar kowa ya san babu girmamawa a ciki. Kawu kuma yallaɓai yake ce masa, a bayan ido ɗan jiya. Wata Litinin manaja ya tara mu ya ce sauran rassan kantin duk sun daina ajiye faifai, namu ne kawai ya rage. Ranar Alhamis dila zai zo ya kwashe kayansa, a zuba caja da iyafis a kantar. Ya ce Kawu zai ci gaba da tsayuwa a wurin, kayan ne kawai za su canza.

"Ni zan sayar wa mutane igiyar waya?" in ji Kawu.

"Baba, ko maganin ɓeran da ke kusa da kai ya fi ka ganin jama'a."

Aka yi dariya. Ni na sunkuyar da kai ina gyara takardun farashi.

Kwana uku Kawu ya yi yana yaƙi. Ya rubuta wa masu kantin wasiƙa shafi huɗu, ya sa na buga masa, yana cewa ranar da sabis ɗin waya ya ɗauke, mutane za su dawo neman abin da za su riƙe a hannu. Ya kira tsofaffin masu sayensa, biyu suka ɗaga, ɗaya ya ce ya daɗe da kyautar da na'urarsa. Babu amsar da ta zo daga sama.

Ranar Alhamis dila ya zo da kwalaye. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ɗauki faifai na farko, ya juya shi, ya shafa gefen ledar da babban yatsa. Ya ɗauki na biyu, da na uku. Sannan ya ce wa manaja wannan ba ledar kamfani ba ce, an buɗe an sake liƙewa da wuta, ga ma shatin dutsen guga. Ya ce duk abin da aka buɗe ya zama na hannu, ba zai iya mayar da ko ɗaya ba.

Na san amsar tun kafin a tambaya. Shekara biyar ina ganin Kawu yana dawowa gida da faifai biyu ko uku a jaka, ya kalle su daga farko har ƙarshe, matarsa ta yanko sabuwar leda, shi kuma ya liƙe da dutsen guga a kan teburin falo, da safe ya mayar. Ban taɓa tunanin laifi ba ne. Kawu ya ce bai san komai ba, wataƙila daga wurin dila suka zo a haka. Dila ya ɓata rai. Manaja ya waiwayo wurina.

"Ke a gidansa kike. Yana fita da kayan kanti ko ba ya fita?"

Duk ma'aikata suna tsaye. Na gyaɗa kai.

Kawu bai kalle ni ba. Ya fuskanci manaja ya ce e, ya buɗe, kuma gobe ma zai buɗe, domin a cikin shekara goma sha tara babu mutum ɗaya da ya dawo masa da faifai yana cewa ya tsaya a hanya. Ya ce manaja ya nuna masa wani sashe na kantin da zai iya faɗin haka. Manaja ya ce babu wanda ya dawo da shi ne saboda babu wanda ya saya.

Ba a kore shi ba, kuma ina ganin da korar aka yi da ya fi masa sauƙi. Manaja ya sa aka juye faya-fayan a babban kwando a bakin ƙofa, aka rubuta cewa kyauta ne ga duk wanda ya cika keken sayayyarsa. Ya ce tunda Baba ya kalle su duka, shi ya fi dacewa ya tsaya yana rabawa. Kawu ya tsaya har tsakar rana. Ina hango shi ta tsakanin kantoci. Wani direba ya karɓi guda biyu, ya fasa murfin a nan take, ya ce zai rataya su a madubin motarsa don suna ƙyalli. Kawu ya tuɓe rigar aikin ya ɗora a kan kwandon, ya fita ta ƙofar masu saye.

Washegari da safe na same shi a falo, na durƙusa na gaishe shi. Matarsa tana gefe tana haɗa shayi. Ya juya wurinta.

"Ki gaya wa ma'aikaciyar kanti na amsa. Ki kuma tambaye ta yaushe take shirin neman ɗaki."

A ƙarshen watan na koma gidan wata ƙawata.