Ranar da na shaƙi amoniya

Shekara biyu muka yi muna koyon kimiyya da alli. Malaminmu, wani dogo ɗan ƙabilar Ewe da muke kira Misiyo, sai ya zana kwalba a allo, ya zana wuta a ƙarƙashinta, ya ce ruwan ya tafasa. Mu kuwa 'yan Zongo an raine mu a kan imani da gaibu, sai mu yarda.

Rannan aka ce an buɗe labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Wayyo daɗi! Ban tsaya karyawa ba, na bar kokona a gida. Muka sa fararen riguna da tabarau, kowa yana jin kansa likita. A bakin ƙofa Misiyo ya karanto dokoki: ba ci, ba sha, 'yan mata su cusa mayafi cikin riga, kuma kada wanda ya kai hanci bakin kwalba, sai dai ya fifito iskarta da hannu. Wanda ya karya ɗaya, sai dai ya kalli labo ta taga har ƙarshen shekara.

Na ji, na kuma fahimta. Amma mahaifina turare yake sayarwa a kasuwar Agoè-Assiyéyé, kuma tun ina yaye aikina ke nan: a cire murfi, a kai hanci, a ja numfashi. Kafin hankalina ya iso, hannuna ya riga ya gama aikin da ya gada: ya buɗe wata kwalba, ya kai mini hanci.

Amoniya ce. Na ji kamar an zura mini barkono har ƙeya. Hawaye, majina, tari, babu wanda bai halarta ba. Misiyo ya fizge ni zuwa taga, sannan ya tura kaina ƙarƙashin famfo.

"Ɗan Alhaji," in ji abokin zamana, "turaren na Dubai ne ko na Makka?"

Aji ya kwashe da dariya, ban da Misiyo. Ni ba hancin ne ya dame ni ba, kallon labo ta tagar nan nake hange.

"Me ya sa?" Misiyo ya tambaye ni.

"Misiyo, wallahi haka ake yi a shagonmu."

 Ya ce wanda ya ƙi doka daban, wanda hannunsa ya riga shi daban, na biyun horo yake bukata. Ya tsayar da ni gaban aji da kwalbar ruwan famfo, na yi fifita sau hamsin kamar mai hura gawayi, ana ƙirga mini da Faransanci.

Da na gama, sai ya miƙo mini amoniyar nan dai, ya nuna wani ruwa mai launin sararin sama.

"Ɗiga a hankali. Nesa da fuska."

Na ɗiga a cikin ruwan. Ya yi hazo-hazo, na ƙara, sai ya rikiɗe ya koma shuɗi mai duhu kamar an tsamo shi daga marina. Aji ya ɗauki kabbara, har da waɗanda ba su san ma'anarta ba.