Shiga Ba Sallama

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, ƙarfe goma da kwata na safe malaminmu ya zauna gaban kwamfutata ya buɗe bayanan marasa lafiya ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba.

Manhajar ƙaramin asibiti muka rubuta, ni da ƙawata. Ita ta gina sassan, ni kuma tsaro ne nawa. Tsaro kuwa ba shi da ɗaki guda, ko'ina sai ya leƙa. Sai na bi wata dabara da na karanta: a rubuta shi a gefe, abin da ake kira aspect, a ce masa duk aikin da sunansa ya fara da "afficher", wato "nuna" da Faransanci, ya tsaya gadi a ƙofarsa. Masu dabarar suna alfahari cewa mai sassan ba sai ya san da kai ba. Ga mai kunya irina, wannan ai aljanna ce. Ban ce wa ƙawata komai ba.

Ashe ita ta ga sunayen sun yi tsawo, ta gajarta su duka. Mai gadina yana nan tsaye, yana jiran sunayen da babu su.

Malam ya ce ko mu bayyana abin da ya faru, ko mu maimaita shekara. Na koma unguwarmu Gardolé na rufe ɗaki ina bin manhajar layi-layi. Mahaifiyata ta turo ƙofa da karkanji, zobonmu na nan, ta ce, "Ke dai ko na'ura sai kin ji kunyarta."

Da na gano, na gyara, muka wuce. Daga nan ma na samu abin bincikena: yadda sassa za su bayyana ƙofofinsu a fili, a yi yarjejeniya, kada sauya suna ya rushe aikin wani a ɓoye. Har yau a kansa nake, kuma har yau in na ga aspect da ba a sanar da shi ba, sai in ji kamar 'yar'uwata na gani.

Sai bayan sakamako na je gidan su ƙawata a unguwar Milezi, na yi ta juya kofin shayi, da ƙyar na ce, "Me ya sa kika canza sunayen?"

Ta yi dariya har da tafawa. "Ya akhti, 'yar'uwata, ta ina zan san kina ciki? Kin shigo ɗakina kin laɓe bayan ƙofa. Gobe ki yi sallama, wallahi tabarma zan shimfiɗa miki."