Damin Farko Na Kebbe

Ku matso ku ji, jikokina. Jiya Hajara ta zo da wata kalmar Turanci daga makaranta, wai "diboshan", riƙe mutum da zuciya ɗaya ba saki. Sai na tuna kakanku.

Duk shekara, damin geronshi na farko tsohon malaminshi na Kebbe yake kai wa. Shekarar fari na tare ƙofa, ƙanshin sabon gero na cika mini hanci, na ce, "Malam, ni ka daka, wani ka ci?"

Ya ce, "Ke kina da ni. Shi bai da kowa." Ya ɗaura wa jaki.

Malamin ya rasu, kakanku ma ya bi shi, ni suka bari da haushi. Allah Ya jiƙan shi, Ya sa a Aljanna ni zai fara nema.