Karen da ya ƙi furen gamba

A shekarar da aka sauke tutar Turawa ina da gonar dawa a bakin fadama, kusa da Illo, ina kuma da wani jan kare da ke kore mini birai. Ba don shi ba, ko dami goma ba zan kai gida ba.

Matsalarsa ɗaya ce. Da zarar gamba ta fid da kai, sai ƙaiƙayi ya taso masa. Ya yi ta susa har gashin wuyansa ya zube, idanunsa su yi ja, kunnuwansa su yi jini. Biri na karya zangarniya a gabansa, shi kuwa yana zaune yana cizon ƙafarsa. Takaici kamar in yi kuka.

Ba abin da ban gwada ba. Na yi masa wanka da ruwan toka, na dafa sassaƙen maɗaci, na shafa masa man kaɗanya. Shi ma man sai da tsumma a kan sanda, domin babana ya ce in na taɓa kare da hannu kada in sa hannun a akushinsa. Ina shafawa daga nesa, karen na lashewa. Aikin baban giwa ke nan.

Wata ranar kasuwa ya bi ni tsallaken iyaka, ƙasar Dahome, gidan gwaggona da ke kan tudu, inda ba fadama ba gamba. Kwana huɗu muka yi, susa ta tsaya cak. Da muka dawo gona, kafin la'asar susar ta dawo.

Na gane ciwon, amma ganewar ta fi rashinta ɓacin rai. Lokacin da gamba ke fure shi ne lokacin da dawa ke nuna. Wato watan da nake bukatarsa shi ne watan da gonar ke cinye masa fata.

Babana ya ce, "Kai ɗan nan, mi kaka so? Dawa ko kare? Bar shi shi yi aikinai."

Na bar shi mako guda. Ran da na ga ƙudaje sun cika gyambon kunnensa, na sa masa igiya na kai wa gwaggo. Ta ce, "Bar min shi, in kun yanke dawa ka zo ka ɗauka."

Na yi gadin da kaina, da majaujawa da tsohon gwangwani. Birai suka raina ni, suka ci kusan rabin gonar. Babana ya daina yi mini magana sai gaisuwa.

Bayan girbi na tsallaka ɗauko shi. Na same shi kwance a ƙofar gwaggo, gashi ya fito sumul, har ya yi ƙiba. Na yi masa fiton da na saba. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya kaɗa wutsiya sau biyu, ya mayar da haɓarsa ƙasa.

Igiyar kawai na dawo da ita gida.