Shaidar Haruna Ta Karɓu

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai mijina Haruna makwancinsa, a bayan gonakin geron garinmu, gabas da Gezawa. Ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne, 'yata Rabi tana rubutawa, in kuka ya zo mini ta dakata.

Haruna sojan sama ne, matuƙin jirgi. Ina goyon fari aka tura shi can ƙarshen arewacin duniya, ya koyi saukar da jirgi a kan ƙanƙara, ya riƙa kai magani da abinci inda mota ba ta zuwa. Da ya dawo, duk wannan mutanen gari sun yarda. Abin da suka ƙi shi ne da ya ce azumi ya riske shi a inda rana ba ta faɗuwa, sai dai ya duba agogo ya sha ruwa, rana tana tsaye.

A ƙofar masallaci Malam Sale, makwabcinmu, ya ce, "Haruna, ka ce sanyi ya sa ka sha azumi, mu wuce wurin. Ban da yi wa Allah ƙarya."

Daga ranar aka daina karɓar shaidarsa a ganin wata. Mutumin da ya fi kowa ido! Sau biyu yana ganin jinjirin wata ya dawo gida ya yi shiru. Da wannan ciwon ya bar duniya.

Bara da azumi, sabon limaminmu ya yi bayanin ƙasashen da rana ba ta faɗuwa a wurin tafsiri, har ya nuna wa dattawa a waya. Washegari sai ga Malam Sale a zaurenmu, yana dogara sanda.

"Hajiya, na zalunci mijinki. Ki yafe mini."

Na ce, "Malam, a gaban jama'a ka faɗa. Can za ka warware."

Ranar Juma'a ya miƙe ya warware, ina bayan katanga ina ji. Da Haruna yana raye, na san dariya zai yi, ya tambayi Malam Sale lafiyar gwiwarsa. Ni ban kai shi haƙuri ba.

Kakinsa asu ya cinye, lambobin yabonsa sun yi tsatsa a adaka. Abin da ya rage shi ne yau a garin nan, in an ambaci Haruna sai a ce mai gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Da na ji liman ya faɗa, jama'a suka amsa da amin, ni tsohuwa, hawaye na zuba, na rangaɗa guɗa. Babu wanda ya hana ni.